Inna Ta Ce Ba Za Ta Koma Asibiti Ba, Yaya Za Mu Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu na fama da sankarar mama, likitoci sun ce ta kai mataki na huɗu, ta shiga ƙashin baya. Daga Birnin Kabi aka tura mu Sakkwato, aka yi mata kemo (maganin sankara da ake ɗaurawa ta jijiya) sau biyu, sai ta ce ta gama, a bar ta da Allah. Yayyena maza sun ce a sa ta a mota ko tana so ko ba ta so. Ni ke jinyarta, na rasa abin yi. Daga wata 'yar'uwa a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna sauƙi, ke kuma sannu da ɗawainiya.

Kafin komai, a tabbatar tana cikin hayyacinta. Sankarar da ta shiga ƙashi kan sa sinadarin kalsiyam ya yi yawa a jini, mutum ya rikice, ga ƙishirwa da yawan barci. Idan ta fara sambatu ko mantuwa a 'yan kwanakin nan, a kai ta gwajin jini, domin wannan yana da magani. Amma idan ta san ciwonta, ta san abin da ƙin kemo zai haifar, kuma magana ɗaya take yi jiya da yau, to shawarar tata ce. Likita ba zai ɗaura mata kemo da ƙarfi ba, saboda haka ko an sa ta a mota, wahalar hanya kawai za ta sha.

Sai ki nemi dalilinta. Ku keɓe ku biyu, ba a gaban taron 'yan dubiya ba, ki ce, "Inna, me ya fi damunki a zuwa asibitin nan?" Ki yi shiru ki saurara. Iyaye da yawa ba maganin suke ƙi ba, ganin an sayar da gona ko shanu saboda su ne ba sa so, kuma kara ba za ta bari su faɗa ba. Wasu amai da galabaita ne suka ishe su, alhali akwai magungunan hana amai da ake sauyawa idan na farko bai yi ba. Wasu kuma tsoron rasuwa a gadon asibiti, nesa da ɗakinsu.

Ya kamata yayyenki su ji wannan daga bakin likita: a mataki na huɗu, manufar kemo rage ciwo da ƙara lokaci ne, ba warkarwa ba. Kuma ba kemo kaɗai ake da shi ba. Ku tambaya ko an gwada tsokar da aka ɗiba don a ga ko sankarar mai bin sinadarin mata ce. Idan haka ne, akwai ƙwaya irin tamoxifen ko letrozole, ɗaya a rana, a gida ake sha. Ciwon ƙashi kuma sau da yawa gashi da na'urar haska wurin ciwo (radiotherapy) zama ɗaya kan rage shi sosai. Ku tambaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wadda ta ƙi kemo tana iya yarda da waɗannan.

Ko ta ƙi duka, kada ku yanke hulɗa da asibiti, a nan ne iyalai suka fi kuskure. Ku ce wa likita kuna son kulawar rage raɗaɗi. Maganin ciwo a kan lokaci ake ba da shi, ba a jira sai ta fara nishi. Farasitamol ƙwaya 2 kowane awa 6, kada ya wuce 8 a yini, likita zai rage idan ta rame sosai ko hanta ta taɓu. Ku guji ɗirka mata diclofenac ko ibuprofen daga kemis, suna cin ciki da ƙoda. Idan ciwo ya fi ƙarfin wannan, mofin na ruwa ne magani, yawanci a fara da miligiram 2.5 zuwa 5 kowane awa 4, bisa rubutun likita. Kada tsoron 'yan ƙwaya ya sa ku hana ta; wanda aka ba shi bisa ƙa'ida don ciwon sankara ba safai yake kamuwa da jarabarsa ba. Sai dai yana ɗaure ciki, don haka ku karɓi maganin sassauta bayan gida tun ranar farko.

Abinci kaɗan-kaɗan: kunu, fura mai ruwa, romo, ko da cokali biyar ne. Rashin ci daga ciwon yake, ɗura kuma tana jawo shaƙewa. Idan ta kwanta, a juya ta kowane awa 2 saboda gyambon kwanciya. Idan maman ya fashe yana wari, a wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, a tambayi likita game da barbaɗa garin Flagyl. Addu'a da tofi ba sa karo da komai, amma a daina tsaga ko shafa jiƙo mai zafi a wurin.

Abubuwa uku kuwa ba a kwana da su: ƙafafu su rasa ƙarfi ko su yi nauyi farat ɗaya, fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba ba ta sani ba, ko jini ya ƙi tsayawa. Biyun farko alamar ciwon ya danne lakar baya ce, jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya sa ta daina tafiya. Ku yi wannan maganar da ita tun yanzu, ta faɗa muku da bakinta ko ta yarda a kai ta idan hakan ta faru, a gaban babban yayanku.