Amsa: Me ya sa ake cewa muna da megawat 13,000 a Najeriya amma wuta ba ta isar mu?

Malam, ka tambaya ina sauran wutar take zuwa, kuma wa ke riƙe da ita tun da aka rushe NEPA. Dokar 2005 ce ta raba PHCN, kamfanin da ya gaji NEPA, gida 18: kamfanonin samar da wuta 6, na rarrabawa 11, sai TCN, kamfanin dakon wuta mai manyan layukan 330kV da 132kV. An sayar da mafi yawan na samarwa da na rarrabawa a 2013, TCN kuwa ta ci gaba da zama a hannun gwamnati. NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta, ita aka ba aikin tsara farashi.

Wancan 13,000 ƙarfin injunan ne a takarda. Abin da ke shiga layi yawanci tsakanin 4,000 ne zuwa 5,000. Mafi yawan wutar daga iskar gas take fitowa, kamar tashar Egbin ta Legas, sauran kuma daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, waɗanda ke raguwa idan ruwa ya ja baya da rani.

Matsalar gas ita ce babba, kuma asalinta kuɗi ne. Kamfanin rarrabawa bai tattara cikakken kuɗin wutar da ya raba ba, saboda rashin mita da satar wuta, sai ya gaza biyan NBET, mai sayen wuta daga masu samarwa ta sayar wa masu rarrabawa, ita ma ta gaza biyan masu samarwa, mai gas kuwa ya rage abin da yake turawa. Injin lafiyayye sai ya zauna banza.

Rushewar layin ƙasa, wato ɗaukewar wuta a ko'ina lokaci guda, kuma daban ce: dole a riƙe saurin bugun wutar a kusa da 50Hz, wato sau 50 a daƙiƙa. Babban inji ɗaya ya faɗi kwatsam, ko layi ya yanke, sai sauran su bi shi cikin daƙiƙu.