Da gaske ana mayar da ruwan kwatami ƙarƙashin ƙasa don a sha?

Tambaya: Malam, na ji wai a Amurka ana tace ruwan bayan gida a ɗura shi ƙarƙashin ƙasa, daga baya a zuƙo a sha. To me ya raba shi da sokawe da ke ɓata mana rijiyoyi?

Amsa: Gaskiya ne, ana yi. Wanda ya fi shahara shi ne na gundumar Orange a jihar Kalifoniya. Can yawan zuƙar ruwa ya sa na ƙasa ya ja baya, ruwan teku mai gishiri ya fara kutsowa cikin rijiyoyinsu. Sai suka haƙa jerin rijiyoyi kusa da gaɓa suna tura tataccen ruwa ciki, ya zama katanga tsakanin gishirin da ruwan sha. A shekarun 1970 suka fara. Sabuwar matatar ta soma aiki a 2008, kuma tun 2023 tana iya fitar da kimanin lita miliyan 490 a rana. Birnin Perth na Ostareliya ma ya bi sahu.

Bambancin da kake tambaya a wajen tacewar yake. Ruwan sama idan ya nutse, yashi da ƙasa ne ke tace shi a hankali kafin ya kai taskar ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Rijiyar ɗuri kuwa ta tsallake wannan duka, kai tsaye take kai ruwan cikin taskar. Don haka dole a gama komai tun a sama. Bayan tacewar farko, ana ratsa shi ta siraran bututai masu ƙananan huji da ke tare ƙwayoyin cuta, sannan a matsa shi da ƙarfi ta wata siririyar fatar tacewa da ko gishiri da ragowar magunguna da ƙyar suke ratsawa, a ƙarshe a haska masa hasken UV, wato wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta, tare da sinadari. Yakan fito tas har ya wuce kima, sai an ƙara masa ɗan farar ƙasa don kada ya ci bututu.

Sokawe ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ni dai ba na ba da shawarar a kwaikwayi aikin inda babu tsayayyen lantarki da ɗakin gwaji. Ko ɗan laka ya tsira yakan toshe rijiyar, kuma dattin da ya shiga ƙarƙashin ƙasa yakan shekara da shekaru bai fita ba.