Maganar Baba za ta dawo bayan shanyewar ɓarin jiki?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Magana takan dawo, ko da ba duka ba. Galibi ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke riƙe da ita. In ya taɓu, sassan da suka tsira sukan koyi aikin, amma sai da maimaici. An fi ganin sauƙi cikin watanni 3 zuwa 6 na farko, kodayake ba nan yake tsayawa ba.

Ku riƙa jan shi da hira kullum, a gajarce. Fatiha da ƙirge sukan riga fitowa, ku fara da su. Ban da ɗaga masa murya ko ƙarasa masa zance, ba kurma ba ne. Kada a daina ba shi maganin hawan jini.

Ku nemi ƙwararren mai gyaran magana a asibitin koyarwa. In yana ƙwarewa wajen ci ko sha, ku kai shi wurin likita yau.