Na sauya aisi a fedal ɗin jitata, sauti ya ɗauke

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina kaɗa jita a wuraren biki a Damagaram. Na haɗa fedal, ɗan akwatin da ake takawa don sauya muryar jita, da hannuna bisa zanen wani fedal mai suna Tube Screamer. Zanen ya ce a saka aisi, wato ɗan guntun lantarki mai ƙafafu, mai lamba JRC4558D, ni kuwa RC4558P na samu. Wani abokina ya ce TL071 ta fi kyau, na saka ta, shiru kake ji. Sai lallai JRC4558D ta Japan ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Mayar da RC4558P ɗinka, babu abin da ya same ta. Haruffan farko tambarin kamfani ne kawai: JRC ta Japan ce, RC kuma yawanci Texas Instruments ta Amurka ke buga ta. Lambar 4558 ita ce abin dubawa, kuma ƙafafunsu takwas a jere ɗaya suke.

Abokinka ne ya kai ka ya baro. Ita 4558 injinan ƙara sauti biyu ne a gida ɗaya, tana shan wuta ta ƙafa ta 8. TL071 kuwa guda ɗaya ce a ciki, wutarta ta ƙafa ta 7 take shiga, sauti ya fita ta 6. Ka ga ke nan ko wuta ba ta samu ba. TL072 ya kamata ya ba ka, ita ce mai biyu. NE5532 ma za ta zauna, sai dai tana zuƙar batir fiye da ninki biyu.

Kafin ka sake taɓa dalma, liƙa soket mai ƙafa takwas a allon, don ka riƙa cirewa da sakawa ba tare da zafi ya ɓamɓare layin tagulla ba. Kula da ɗan ɗigon da ke bayan aisin, shi ke nuna ƙafa ta 1. Sannan ka ɗauko mita, baƙar waya a ƙasa, wato layin nagetif: ƙafa ta 8 ta ba ka kusan bolt 9, ta 4 sifiri, ta 1 da ta 7 wajen 4.5. In ka ga ɗayansu ta manne a 8 ko ta faɗi 1, duba rizista biyu masu 10k da ke raba wutar gida biyu. In su lafiyarsu ƙalau, mai yiwuwa aisin jabu ce. Ana goge rubutun wata a buga sabo. In sabuwar aisi ta kama ƙugi kuwa, sa kafasita 100nF tsakanin ƙafa ta 8 da ta 4, dab da jikinta.

Maganar cewa JRC4558D ce sirrin TS808, wato Tube Screamer ɗin da kamfanin Ibanez ya fitar a 1979, ni a ganina an zuzuta ta. Muryar fedal ɗin tana wajen dayod biyun da ke yanke kan sauti, da rizista 4.7k da kafasita 0.047uF masu rage kauri ƙasa da 720Hz. Kana son jitarka ta yi kauri cikin hayaniyar biki? Sauya kafasitar zuwa 0.1uF. Wannan kowa zai ji shi, har mai rawa a can baya.

Tambaya: Injiniya, MAX1044 da ke ninka wutar fedal ɗina ta ƙone. Na sa ICL7660, yanzu wani siririn fito nake ji a lasifika. Daga Zariya.

Amsa: Harafi ɗaya ka rasa. A MAX1044 ana haɗa ƙafa ta 1 da ta 8 don bugunta ya haura abin da kunne ke ji. A ICL7660 zalla ƙafa ta 1 ba ta aikin komai, sai bugun ya tsaya wajen 10kHz, shi ne fiton. Nemi ICL7660S ko TC1044S. In LT1054 ka samu, sai ka yanke haɗin nan na ƙafa ta 1 tukuna. Ka kuma auna adaftarka: wasu an rubuta bolt 9 a jikinsu amma suna fitar da 12 ko fiye, ita kuwa MAX1044 ba ta jure abin da ya wuce 10. Ina kyautata zaton abin da ya ci ta farkon ke nan.