Ɗinkin hannu ya tattare min shadda, zare kuma ya zuba: rigar za ta gyaru?

Tambaya daga wata 'yar uwa a Tudun Wada, Zariya: Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Na ɗan koyi ɗinkin hannu wajen maƙwabciyarmu, sai na ce bari in yi wa maigida cin wuya a sabuwar farar shaddarsa da zaren siliki ruwan goro. Ina gamawa na ga wuyan ya tattare ya ƙi kwanciya ko an goge, da na wanke kuma zaren ya zuba a jikin farin. Dan Allah rigar za ta gyaru? Kuma ya zan yi kar ya sake faruwa, don so nake in mai da abin sana'a.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Rigar za ta gyaru in sha Allah, ko da ba ta koma fes ba. Amma gaskiya kin yi ƙarfin hali, sabon hannu ba ya farawa da shadda, ballantana fara, ballantana ta maigida.

Tattarewar nan kusan ko da yaushe daga jan zare take. Mai koyo gani take in ba ta ja da ƙarfi ba ɗinkin zai saki, to kowane ɗinki sai ya ɗan tsuke yadin kaɗan, ba za ki lura ba sai kin kewaye wuyan gaba ɗaya sannan ki ga ya taru ya yi tudu. Zare kwanciya ake so ya yi a kan yadi. In kin fito da allura ki ja a hankali, da zarar ya taɓa yadin ki tsaya, ki danne da babban yatsa ki wuce. Wuya kuma ya fi ko'ina rigima saboda a zagaye aka yanka shi, wajen lanƙwasar yadin miƙewa yake, shi ya sa ake sa wani ƙyalle a ciki ya riƙe shi. Ƙyallen nan in auduga ne ki jiƙa shi ya bushe tukunna, don auduga tana tsukewa a wankin farko, in ya tsuke a ƙarƙashin ɗinki to shaddar zai janyo. Kar ki yanko zare mai tsawo don gudun sake zura allura, daga yatsa zuwa gwiwar hannu ya isa, wajen inci 18, mai tsawo murɗewa yake ya ƙulle kuma sheƙinsa ya mutu tun bai ƙare ba. Allura ma ki duba, a allurar hannu duk yadda lamba ta hau siranta take ƙaruwa, ki nemi wadda za ta buɗe wa zaren hanya ba tare da kin fizga ba. Ƙwararrun cikin birni a hannu kawai suke riƙe yadi, amma ke ki sayi zoben katakon nan na ɗame yadi, ba abin kunya ba ne.

Gyaran wadda ta riga ta tattare, bayan kin fitar da tabon zaren kamar yadda zan faɗa a ƙasa: ki yayyafa wa wuyan ruwa ya yi danshi, ki shimfiɗa tawul a kan katifa ko tebur, ki kifa rigar fuskar ɗinkin a ƙasa, ki miƙar da wajen a hankali kina kafe shi da fil, ki bar shi ya bushe a haka sannan ki goge ta baya da dutsen guga mara zafi sosai. In ya ƙi, sai haƙuri, ki warware inda ya fi tsukewa ta ciki da reza, a nutse. Shadda tana riƙe hudar allura, musamman mai maiƙo irin Getzner ɗin nan da ake yi a Ostiriya, amma in kin jiƙa wajen kin murza da farce, aka kai wa masu bugu suka bi ta da gudumar katako, yawancin hudar tana rufewa.

Sai maganar zuba. Abin da ake ce masa siliki a kasuwa mafi yawansa ba silikin asali ba ne, reyon ne, wani kuma foliyesta. Reyon ya fi sheƙi da laushi amma ruwa na rage masa ƙarfi, kuma mai araharsa ja da ruwan goro da shuɗi su suka fi zuba. Foliyesta ya fi riƙe kala. In kina son ganewa ki ƙona ɗan guntu da ashana: reyon zai ci wuta ya bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, foliyesta narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri, silikin gaske kuwa warin ƙonannen gashi yake yi. Kuma kafin ki ɗinka komai, ki jiƙa guntun zaren ki sa shi cikin farin ƙyalle ki danne da dutsen guga mai zafi, in ya bar shaida to wannan zaren ba na farar riga ba ne, ko mai shago a Sabon Gari ya rantse miki. Za ki ji ana cewa a jiƙa da gishiri kala ta kama, ni dai ba na dogara da shi, gishiri a tukunyar rini yake aikinsa, ba bayan an riga an rina ba. Zaren tsamiya, wato silikin gargajiya da ake wa manyan riguna aiki da shi, wanda aka bari da kalarsa ta asali, shi ba ruwansa da wannan matsalar tunda ba a rina shi ba.

Taki rigar ki jiƙa ta a ruwan sanyi da ɗan omo kaɗan, kina canza ruwan da zarar ya yi kala, har sai ya daina fita. Kar ki sa bilic wallahi, zai ci kalar zaren ya kuma raunana shi, kar kuma ki goge wajen sai tabon ya fita don zafi kafe shi yake. In ɗan shaida ya rage a gefen ɗinkin, ki ƙara layi ɗaya ko biyu da zaren da kika gwada ki rufe shi, ba mai ganewa.

Tunda sana'a kike so, kin yi sa'ar gari. Ɗinkin babbar riga a Zazzau daɗaɗɗen abu ne, da aikin maza ne, daga wajen shekarun 1970 zuwa 1980 mata suka shigo shi sosai suna yi daga cikin gida. Kuma raba aikin ake yi, tela ya yanka ya haɗa, mai zane ya zana aska biyu ko aska takwas da tambari, mai ɗinki ta bi zanen, masu wanki da bugu su ƙarasa. Don haka ba sai kin iya komai ba. Ki sayi yadi ɗaya na farar auduga mai araha, ki kai wa mai zane a cikin birni ya fitar miki da ƙananan zane, ko ki zana da fensir ko allin tela (banda biro, tawadarsa ba ta cika fita ba), ki yi ta cikewa har ki ga yadin na kwanciya da kansa. Daga nan ki koma kan rigar matashin kai da wuyan rigunan yara, ki riƙa kai wa maƙwabciyar taki tana duba miki bayan ɗinkin, don ta nan ake gane ja ya yi yawa.