Tazargade ko Maganin Asibiti: Wanne Ke Kashe Maleriya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifiyata in zazzaɓi ya kama ta ba ta yarda da maganin asibiti, sai ta dafa tazargade ta sha. Kwanan nan na ji an ce maganin maleriyar da ake ba mu a asibiti ma daga tazargade aka samo shi. In haka ne, me zai hana mu sha ganyen kawai, tunda shi ne na asali, wancan kuwa haɗin kamfani ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Abin da kika ji gaskiya ne, amma da sauran bayani.

A 1967 ƙasar Sin ta kafa wani shiri na neman sabon maganin maleriya, domin kulorokwin ya fara kasa aiki a kan sojojin da ke yaƙi a Biyetnam. Cikin masu binciken akwai wata mace mai suna Tu Youyou, wadda ta bi tsofaffin littattafan magungunan gargajiyar ƙasarsu. A wani rubutu na Ge Hong, wanda ya rayu a ƙarni na 4, ta ga an ce a jiƙa ganyen wani nau'in tazargade a ruwa, a matse, a sha. Ba a ce a dafa ba. Nan ta gane cewa zafin wuta na ɓata amfanin ganyen, sai ta koma tatso shi ba tare da tafasa ba. A 1972 suka ware sinadarin da ke kashe ƙwayar cutar, wato atemisinin, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel a kan wannan aiki.

To ina matsalar shayin Mama? Sinadarin nan kaɗan ne ƙwarai a cikin ganye, ko a nau'in da aka noma musamman da wuya ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na busasshen ganye, kuma yawansa na canzawa da ƙasar da aka shuka shi, da lokacin yanka, da daɗewarsa a ajiye. Ba ya narkewa sosai a ruwa. Sannan tazargade iri-iri ne, ƙullin da aka sayo a kasuwa ba lallai ya zama nau'in da aka yi binciken a kansa ba. Wanda ya sha kofi ɗaya yau, bai san nawa ya sha ba.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Atemisinin na da saurin kisa, amma ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan awoyi jiki ya fitar da shi. Sai ya kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar, zazzaɓi ya sauka, mara lafiya ya ce ya warke, alhali saura na nan ɓoye. An sari maciji ba a sare kansa ba. Shi ya sa maganin maleriyar asibiti, wato Coartem da ire-irensa, yake ɗauke da magani biyu a ƙwaya ɗaya: atemeta, wanda aka sarrafa daga sinadarin ganyen, da lumefantirin, wanda kacokan a ɗakin bincike aka haɗa shi, shi kuma yana kwanaki a jini yana share ragowar. Ashe na ganye da na kamfani tare suke aiki, kowanne na rufa wa ɗan'uwansa asiri. Jikin ɗan Adam bai san daga ina sinadari ya fito ba, yawansa ya sani, da tsawon zamansa a jini.

Ƙwayoyin cutar da suka sha ɗan magani ba su mutu ba, su ne ke haifar da masu taurin kai da ba sa jin magani. An fara ganin haka a Kambodiya wajen 2008, yanzu kuma an tabbatar da alamunsa a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Mun ga yadda muka rasa kulorokwin, har Najeriya ta koma wannan haɗin a tsakiyar shekarun 2000. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan shan shayin tazargade don magance maleriya ko rigakafinta.

Ba raina ganyayyakinmu nake yi ba. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta taɓa samar da Niprisan don masu sikila, daga tsirrai huɗu da suka haɗa da masoro da kanumfari da karan dafi. Amma sai da aka auna, aka gwada, kafin aka ba mutane.

Ki lallaɓa Mama, kada ki yi mata gardama. In zazzaɓi ya zo, a fara da gwajin jini na yatsa, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba. In an tabbatar, ta sha Coartem sau 6 cikin kwana 3, tare da madara ko abinci mai ɗan maiƙo don ya shiga jiki da kyau, kuma ta ƙarasa shi ko da ta ji sauƙi tun rana ta biyu. In akwai amai ba ƙaƙƙautawa, ko jijjiga, ko suma, ko fita hayyaci, musamman ga yaro ko mai juna biyu, a tafi asibiti nan take, wannan aikin allurar atesunet ne.