Amsa: Takardar shek santé ta masu juna biyu, a saya ko a bari?

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce maiɗakinka na da ciki wata 3 a Marwa, kana tambaya ko takardar shek santé, wato takardar da mai ciki ke saya a Kamaru don a kula da ita a asibiti, ta cancanci kuɗinta. Saya mata, kada ka tsaya jinkiri.

Sefa 6,000 ne, sau ɗaya. Da ita za a yi mata awon ciki, a ɗauki hoton cikin, ta haihu a asibiti, in ma abin ya kai ga tiyata duk yana ciki. Bayan haihuwa kuma ana duba uwa da jariri har kwana 42. Duk wanda aka taɓa tasa da tsakar dare ya nemo kuɗin fiɗa, har ya sayar da tunkiya a araha, ya san jaka 6 ba komai ba ce.

Sai dai ba kowane asibiti ke karɓarta ba, sai wanda aka amince da shi. Ka tambayi ungozoma tun a awon farko. Wani lokaci magani kan ƙare a rubuta muku na waje, don haka ka ɗan ajiye wani abu a gefe. Kuma kowace rana ta awo ta riƙa tafiya da takardar tare da katin awonta.

Allah ya sauke ta lafiya.